Miluda Mai Cuɗa da Kamfanin Inshora

A unguwarmu ta bayan masana'antun kifi a Asfi, da wuya ka sami macen da Miluda ba ta san bayanta ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana cuɗa a hamam ɗin mata, gidan wankan nan mai koren ƙofa, tun daga hantsi har la'asar, cikin tururi da surutu da kukan jarirai. Gajeriya ce mai jiki, hannunta da nauyi, bakinta ma haka. Matar alƙali da mai yanka kifi a masana'anta duk soso ɗaya take goga musu, kuma ba ta taɓa ce wa wata ta rame ba in dai ba ta rame ba.

Sau uku a shekarun nan sosonta ya bi ta kan wani ƙullutu da bai kamata ya kasance a wurin ba. Duk ukun sai ta sunkuya ta raɗa wa mai jikin cewa ta je a duba mata nan. Saboda haka ranar da ta ji irinsa a jikinta, a ɓangaren dama, ba ta nemi wanda zai yi mata bayani ba. Ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta daɗe ba ta tashi ba, sannan ta gama wanke kwastomar da ke jiranta.

Mijinta Bushaib direban motar ɗaukar kifi ne a wata masana'antar gwangwani. Dogo ne siriri, mai shiru, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Mutumin kirki ne, wannan ba na musu, sai dai kirkin nasa ya ɓata wa matarsa kusan shekara guda.

A wurinmu ba a kiran wannan ciwo da sunansa. Sai a ce "wancan ciwon", a kawar da kai, a nemi tsari. Kuma mutane sun yarda yana bin jini, uwa ta ba wa 'ya. To a lokacin an riga an sa wa 'yarsu Nuhaila rana da ɗan Si Jilali. Shi kuwa Si Jilali shi ne akawun da duk takardar asibitin ma'aikatan masana'antar take bi ta hannunsa kafin ta tafi kamfanin inshora. Bushaib ya yi tunani iyakar tunaninsa, ya ga cewa in takardar matarsa ta hau wannan tebur, auren 'yarsa ya tashi. Sai ya yanke cewa ba za a nemi komai daga inshora ba. Aka sayar da awarwaron Miluda, aka yi aikin a Marakesh, aka cire mata nonon dama. Aka ce wa maƙwabta ta je jinyar yayarta. Da aka fara zirga-zirgar ƙarin magani, sai aka ce jikin yayar ne ya ƙi daɗi. Baiwar Allah tana can lafiyarta ƙalau, ba ta san 'yan Asfi suna yi mata addu'a ba.

Miluda ta warke, gashinta ya dawo, amma ba ta koma hamam ba. Ta ce bayanta ke ciwo. Ta koma wanka a banɗakin gida da butar ruwan zafi, ita da ta saba da ɗaki uku na tururi. In za ta fita sai ta naɗe safa ta cusa a rigar mama, kuma a kasuwa hankalinta na kan safar, kada ta zame. Ba ta ƙi Allah da ya bar ta da rai ba, kullum tana godiya. Amma tana baƙin ciki, kuma tana jin kunyar baƙin cikin, domin kowa a gidan yana ganin ai magana ta ƙare. In Alhamis ta zo, ta ga mata suna wucewa da bokitansu da 'yan kujerunsu na roba, sai ta ja labule.

Likitan Marakesh ne ya ce mata ana iya mayar da abin da aka cire. Za a ɗebi nama daga cikinta a gina mata wani.

"Daga tumbin nan?" in ji ta.

"Daga shi."

"To alhamdulillahi. Shekara talatin Si Bushaib yana yi masa dariya, yau ga ranarsa ta zo."

Sai dai aiki ne babba, ba kuma sauran awarwaro. Dole sai kamfanin inshora ya amince tukuna. Sakatariyar likitan ta ƙirga mata takardu goma sha ɗaya a tafin hannu, ta ce kada ko ɗaya ta ɓace. Miluda ta kawo wa mijinta, ta ce wannan karon ba ta jin komai, a kai. Ya karɓa, ya zuba a ambulan ya manne bakinsa da gam, ya kai wa Si Jilali.

Bayan sati biyar amsa ta zo da Faransanci, Nuhaila ta karanta mata. Kamfani ba ya biyan aikin kwalliya.

"Kwalliya," in ji Miluda. "Jan baki na ce su saya mini?"

Bushaib ya ce ta bar masa, ya san wanda ya san wani. Haka muke, in takarda ta ƙi tafiya sai mu nemi ɗan uwan abokin surukin wani. Ya samo wani mutum a shagon gahawa na bakin tashar jiragen ruwa da aka ce ƙaninsa yana aiki a kamfanin, ya sha shayi da shi sau huɗu, ya kai masa kwandon sardin sabon kamu. Mutumin ya cinye kifin shi da iyalinsa, ya ce an gama. Aka sake tura ambulan. Amsa ta biyu ta fi ta farko tsawo: babu wata shaida a fayil ɗin cewa matar ta taɓa yin rashin lafiya.

"Sake karanta mini ƙasan," in ji Miluda.

"Sun ce takardun da suka karɓa guda bakwai ne, Mama. Ga su an jera."

"Bakwai?"

"Bakwai."

Ranar Juma'a ce. Ta bar shi ya dawo daga masallaci, ya ci kuskus ɗinsa, ya sha nono mai tsami, ya wanke hannu. Sannan ta zauna a gabansa.

"Si Bushaib, goma sha ɗaya na ba ka. Ina huɗu?"

Ya dubi Nuhaila, ya dubi tabarma.

"Suna mota. Ƙarƙashin kujera, cikin leda. Ba abin da ya same su."

"Waɗanne ne?"

"Waɗanda aka rubuta sunan abin."

"To ka gaya mini, su mutanen inshora duba suke yi? Ka aika musu cewa ga mace lafiyayya mai shekara arba'in da takwas tana son a yi mata nono. Ni ma da ni ce su, da na ce ta je ta nemi abin yi."

"Saboda yarinyar nan na yi, Miluda. Ambulan ɗin a hannun Jilali yake kwana."

"Baba," in ji Nuhaila, "in don Mama ta yi ciwo za su fasa, su fasa tun yanzu. Ni ma zan iya yin ciwo wata rana. Ka ga sai su mayar da ni kamar kifin da ya kwana."

Bushaib ya tashi ya fita, ya dawo da ledar ya ajiye a cinyar matarsa. Idanunsa sun yi ja. Ta so ta ƙara masa, maganar tana bakinta, amma ta ga mutumin da ya yi wata tara yana zama a kan takardun nan yana tuƙi, yana jin su a ƙarƙashinsa. Sai ta ce masa kawai ya je ya kwanta.

Yanzu ga takardu sun cika, amma an ƙi ta sau biyu, kuma ba ta san yadda ake yi wa kamfani musu ba. Tana wanke kwanuka sai Lalla Turiya ta faɗo mata a rai. Tsohuwar magatakarda ce a kotu, gwauruwa, mai zuwa hamam duk Talata da sabulunta mai ƙamshin lemo. Tana cikin mata ukun da Miluda ta taɓa raɗa wa magana. Bayan wata biyu da raɗar ta daina zuwa, ta aiko cewa ta sa na'urar ruwan zafi a gida. Shekara shida ke nan. Miluda ta san ba ruwan zafi ba ne, amma ba ta taɓa zuwa ta tambaya ba, domin ba a tambaya. Ita ma da take zagin mijinta, abin da ya yi ta yi.

Ta sayi sukari na gaisuwa ta tafi. Lalla Turiya ta buɗe ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa ta kan tabarau, ta ce ta shigo. Sai da aka zuba shayi na biyu Miluda ta ajiye kofinta.

"Lalla, ni ma na sa na'urar ruwan zafi."

Tsohuwar ta ce, "Wane ɓangare?"

"Dama."

"Ni hagu. In aka haɗa ni da ke an sami mace guda."

Suka yi dariya har Miluda ta ƙware, daga nan dariyar ta juye, suka yi kukansu suka share. Sannan Lalla Turiya ta ce a miƙo mata takardun. Ta sa aka kawo mata littafin yarjejeniyar da masana'anta ta yi da kamfanin, wanda Bushaib bai taɓa buɗewa ba, ta bi shi layi-layi da fensir kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Saurara, 'yar uwata. Shekara talatin na yi ina kallon mai gaskiya yana faɗuwa saboda ya zo da baki, abokin shari'arsa ya zo da takarda. Daga yau duk abin da za ki miƙa, ki yi kwafinsa. Duk wanda ya karɓa ya buga hatimi a kan kwafin, ya sa kwanan wata. Kada ki yarda da 'za mu kira ki'. Kuma ba sauran kwandon kifi."

"Ai kifin ya tafi."

"Allah ya sa ƙaya ta maƙale masa. Amma fa dole ta hannun Jilali za a bi, haka tsarin yake. Wa zai kai?"

"Ni."

Ta je ranar Litinin da safe, cikin jallabiyarta ruwan toka, ta ratsa ta gaban mata masu yanka kifi, rabinsu kwastomominta. Ambulan ɗin a buɗe yake, da gangan ta bar shi haka. Si Jilali ya miƙe da ya gan ta, ya turo mata kujera ba ta zauna ba, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta bar shi ya gama. Sannan ta dafa tebur.

"Si Jilali, sankarar mama na yi. An cire mini ɗaya bara. Yayata lafiyarta lau. Ga takardun nan duka, ka karanta in kana so, sannan ka buga mini hatimi a nan."

Wannan ne karo na farko da ta ji sunan ciwon da muryarta. Si Jilali ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Lalla Miluda, ai mun sani."

"Kun san me?"

"Tun bara. Mace irinki ta bar hamam, tana zuwa Marakesh duk sati uku, tana dawowa ba gira. Mai ɗakina ta sani, yaron ya sani, ina jin har mai burodin kan kwana ya sani. Sau biyu ambulan ɗin nan ya zo mini a manne, na ɗaga na ji ba shi da nauyi, na san abin da ya rage. Amma yaya zan yi? In ce wa Si Bushaib ina sauran takardun matarka? Mutum ya rufe abinsa, ni ne zan buɗe masa?"

Miluda ta zauna a kujerar da ta ƙi zama a kai tun farko.

"Wato mu muna ɓoye muku, ku kuna ɓoye mana cewa kun sani."

"Haka ta kasance."

"Allah ya shirye mu gaba ɗaya. To batun yaran fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, mai ɗakina ta yi ƙorafi da farko. Yaron ya ce mata ko Nuhaila ko ya zauna haka. Ni kuma na riga na biya kuɗin tantin biki." Ya buga hatimin da ƙarfi, ya sa kwanan wata. "Yau ɗin nan takardar za ta tafi."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Kamfanin ya amsa a karo na uku cewa ya ga shaidar ciwon, amma an makara, ya kamata a sanar da shi tun lokacin aikin farko. A ranar, Miluda ta jefar da wasiƙar ta ce ta gaji, safa ma ta ishe ta. Lalla Turiya ta ɗauko ta daga ƙasa ta miƙar da ita a gwiwa, ta ce wannan ce wasiƙa mafi daɗi da suka samu, tunda sun daina cewa kwalliya sun koma cewa lokaci. Ta rubuta musu shafi biyu da rubutunta na kotu. Ta ce ba kuɗin aikin baya ake nema ba, na gaba ake nema, kuma shi ba a yi shi ba balle a ce an makara. Ta nemi a kira matar gaban likitan kamfanin. Aka yi shiru, ta sake rubutawa. Aka sake yin shiru, ta rubuta ta uku. A tsakanin nan aka yi bikin Nuhaila, Miluda ta yi rawa da safarta a maƙale da fil biyu.

Wata uku bayan biki aka kira ta Kazablanka, Lalla Turiya ta raka ta. Likitan kamfanin matashi ne mai ladabi, ba mugu ba, sai dai ya saba ganin mutane a cikin fayil. Ya tambaye ta me ya sa ba ta sanar da wuri ba.

"Kunya, ɗana. Ka rubuta haka. In manyanka ba su gane ba, su tambayi iyayensu mata."

Ya ce ya fahimta, amma a ƙa'ida aikin nan ba ya ƙara mata lafiya, za ta iya rayuwa ba tare da shi ba.

"In injin gwangwani ya cire wa mijina hannu, za ku sa masa wani?"

"Za mu sa. Yana cikin yarjejeniya."

"Shafi na goma sha huɗu," in ji Lalla Turiya daga gefe. "Gyaran gaɓar da ciwo ko haɗari ya ɗauke."

"To shi ma ai zai rayu da hannu ɗaya," in ji Miluda.

"Da hannun yake aiki, Lalla."

"Ni kuma a tuɓe nake aiki, likita, a gaban mata hamsin. Amma kada in yaudare ka. Ko da a ofis nake zaune irinka, cikin kwat, da na zo. Nawa ne, ciwo ya ɗauke, an ce ana iya mayarwa, ina so a mayar. Ban zo roƙo ba. Shekara ashirin da shida ana yankar albashin mijina saboda rana irin wannan."

Likitan bai yi alkawarin komai ba. Ya duba tabon, ya yi rubutu mai tsawo, ya ce za su kira ta. Lalla Turiya ta tura masa kwafi ta ce ya buga hatimi tukuna.

Amincewar ta zo bayan sati bakwai, layi uku kacal. Bushaib ne ya kawo ta da kansa, a buɗe, ya tsaya a tsakar gida ya karanta da ƙarfi da Faransancinsa na direba, har maƙwabciyar sama ta leƙo ta yi guɗa. Aka yi aikin a farkon bazara. Ya yi zafi fiye da yadda aka gaya mata, ta yi sati uku tana tafiya a duƙe, kuma sabon bai yi daidai da ɗan uwansa ba, ga tabo a ƙasan ciki daga gefe zuwa gefe. Ta tsaya gaban madubi ta dube shi da idon mai sana'a, ta ce ta ga waɗanda Allah ya yi da kansa da suka fi wannan karkacewa.

Lalla Turiya ita ba ta nemi a yi mata ba. Ta ce shekararta sittin da bakwai, ba ta sake kwanciya a ƙarƙashin wuƙa, kuma ta saba da jikinta haka. Miluda ba ta matsa mata ba. Abu ɗaya ta ce, ranar da za ta koma aiki ba za ta shiga ita kaɗai ba.

Suka shiga tare wata Talata da hantsi. Surutu ya ɗan tsaya. Miluda ta rataye tawul ɗinta a ƙusa, ta ɗauki bokiti biyu ta nufi famfo, tana jin idanu a kanta. Wata tsohuwa daga lungu ta ce, "Miluda, kin gama yawon? Shekara biyu yaran nan suna shafa ni kamar mage. In kin gama da wannan ki zo." Aka yi dariya, aka koma surutu.

Lalla Turiya tana zaune a ɗaki na uku, ta jingina da bango, ta rungume tawul a ƙirji da hannu biyu. Miluda ta zuba mata ruwa a kafaɗa, ta shafa baƙin sabulu, ta cuɗa bayan nan da ya shekara bakwai hannun wani bai taɓa shi ba. Dauɗa ta riƙa fita, Miluda ta nuna mata a soso ta ce wannan abin kunya ne ga ma'aikaciyar kotu. Ta gama baya, ta gama wuya, ta zagayo gaba ta tsuguna.

"Ɗaga hannu, Lalla."

"Nan ɗin ki bar shi, zan yi a gida."

"Ban taɓa sallamar kwastoma da rabin wanka ba. Ɗaga."

Tsohuwar ta dubi ɗakin. Wata tana tsefe wa 'yarta kai, wasu biyu suna faɗa a kan bokiti. Ta ɗaga hannun hagu a hankali, tawul ɗin ya zame ya faɗa cikin ruwa. Miluda ta cire soson ta ajiye, ta wanke wurin da tafin hannunta.